Za a yi wa ɗana aikin ƙaba: shin allurar baya tana da haɗari, kuma me zan ba shi a gida?

Wata uwa ce ta aiko da wannan tambaya: "Ɗana shekararsa biyu, nauyinsa kilo 12. Mako mai zuwa za a yi masa aikin ƙaba a mara, kuma an ce a ranar za a sallame mu. Likitan sa barci ya ce idan yaron ya yi barci zai yi masa wata allura a ƙasan baya don kashe zafi. Ni dai tsorona kada ta taɓa masa laka ya kasa tafiya. Sannan idan mun koma gida, ta yaya zan gane yana jin ciwo tunda bai iya faɗa ba, kuma me zan ba shi?"

Malama, Allah ya ba yaron lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Sa yara barci a ɗakin tiyata da kashe musu zafi shi ne aikina, kuma tambayarki ta farko ita iyaye suka fi yi mini, sau da yawa a bakin ƙofar tiyata, murya na rawa. Zan amsa miki ita dalla-dalla. Amma tun yanzu ki sani, a wurina tambayarki ta biyu ta fi nauyi. Allurar tana hannunmu, mun saba da ita. Abin da ba ya hannunmu shi ne yammacin ranar, kuna gida, lokacin da ƙarfinta zai sake shi.

Mu fara da allurar. Mu likitoci kodal muke ce mata. Idan kika shafa bayan ɗanki da yatsa kika gangaro har ƙasa, daf da inda tsagar ɗuwawu ta fara, za ki ji wasu 'yan ƙasusuwa biyu kamar ƙananan tsakuwa, da ɗan lotsawa a tsakaninsu. Wannan lotsawar wata 'yar ƙofa ce a jikin ƙashin, fata da wani tantani kawai suka rufe ta. Sai yaro ya yi barci sosai sannan mu kwantar da shi a gefe, mu naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, mu wanke wurin tas. In ɗora babban yatsana a kan lotsawar, in shigar da siririyar allura. Akwai ɗan "ɓus" da hannu ke ji idan ta huda tantanin. Kafin in tura komai sai na ja sirinjin baya na ga ko jini ko ruwan laka zai biyo. Idan ya biyo, ba za a tura magani a nan ba. Idan ba komai, sai a tura shi a hankali, ido yana kan na'urar da ke nuna bugun zuciya. Adadinsa da nauyin yaro ake lissafawa, kimanin mililita ɗaya ga kowane kilo idan aikin mara ne. Duka-duka bai cika wuce minti biyar ba, kuma yaron bai san an yi ba.

Ita laka ba ta kaiwa wurin. A yaro mai shekara biyu ta tsaya can sama, ƙasa kaɗan da inda haƙarƙari ya ƙare. Maganin yana zama ne a wajen jakar da ta lulluɓe lakar, yana jiƙa jijiyoyin da suka fito daga cikinta suka nufi mara da ƙafafu, ya hana su kai saƙon ciwo na 'yan sa'o'i. Ba sabuwar dabara ba ce: tun 1933 wani likitan mafitsara a Amurka ya ba da rahoton yi wa yara ita. A 2015 kuma aka wallafa bitar irin wannan allura har 18,650 da aka yi wa yara a manyan asibitocin Amurka, ba a samu ko yaro ɗaya da ta bar wa nakasa ba.

Ba zan ce miki ba ta da aibu ko kaɗan ba. Wanda aka fi gani shi ne ta ƙi kamawa, ko ta kama rabi, sai a koma wata hanya. Ƙafafunsa suna iya yin nauyi na 'yan sa'o'i, don haka kada ki sake shi ya yi tafiya shi kaɗai da zarar ya farka, zai iya zubewa. Fitsarin farko yakan ɗan yi jinkiri. Haɗarin da mu muke tsaro shi ne maganin ya shiga jijiyar jini ya taɓa zuciya, kuma saboda shi ne ake ja da sirinji baya, ake turawa kaɗan-kaɗan, ake ƙin wuce ƙa'idar nauyi. Idan yaron yana da matsalar daskarewar jini, ko ƙurji a wurin, ko kin taɓa lura da wani rami mai zurfi ko tarin gashi a ƙasan bayansa, ki faɗa wa likitan tun kafin ranar.

Idan duk da haka zuciyarki ba ta kwanta ba, ki faɗa masa, ba laifi ba ne. Ana iya sa maganin kashe zafi a jijiyoyin gefen marar kai tsaye, galibi da taimakon na'urar sikanin, ko likitan tiyata ya zuba maganin a bakin yankan kafin ya ɗinke. Ga ƙaba ta gefe ɗaya waɗannan ma suna aiki da kyau. Ni dai a yaro ƙarami kamar naki na fi karkata ga ta baya, domin tana rufe wurin gaba ɗaya kuma yaro yakan farka lafiya lau. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce kada a yi ko ɗaya.

Kuma akwai dalilin da ya sa nake da zafi a kan wannan. Har cikin shekarun 1980 akwai likitoci da yawa da suka ɗauka jarirai ba sa jin ciwo kamar manya, har ana yi wa wasu manyan ayyuka da ɗan abin kashe zafi kaɗan. Binciken da aka wallafa a 1987 ne ya nuna jariran da aka kashe wa zafi sosai sun fi samun sauƙi bayan tiyata. A 1997 kuma wani bincike a Kanada ya gano cewa jariran da aka yi wa kaciya ba tare da kashe zafi ba sun fi nuna ciwo lokacin allurar rigakafi watanni bayan nan. Yaro zai manta da ranar, amma jikinsa yana riƙe da darasinta.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Allurar baya takan yi aiki na kimanin sa'a huɗu zuwa shida. Idan an haɗa ta da wani magani mai tsawaita ta, ta ɗan wuce haka. A cikin waɗannan sa'o'in ne za a sallame ku. Za ki ga yaro yana wasa, yana dariya, kowa ya ce ai aikin ba komai ba ne. Sai a ajiye kwalbar magani a ce "idan ya yi kuka a ba shi". Can da yamma ƙarfin allurar ya janye, ciwon yanka ya taso gaba ɗaya, yaro ya fasa ihu, ya ƙi buɗe baki, a ɗura masa ya tofar. Ko ya haɗiye ma, maganin sha yana buƙatar rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ya kama. Ga shi kuma ciwon da ya riga ya yi ƙarfi ya fi wuyar saukarwa, domin jijiyoyin wurin sun riga sun harzuƙa, ɗan taɓi kaɗan sai su kai ƙara. Saboda haka a kwana biyun farko agogo za ki bi, ba kuka ba. Ki ba shi magani a kan lokaci ko da kin gan shi garau, kuma na farko ya shiga cikinsa tun allurar ba ta sake shi ba.

Magunguna biyu ne ginshiƙi, kuma ga aikin ƙaba yawanci sun isa: farasitamol, wanda wasu suka fi sani da Panadol, da ibufurofen. Hanyar aikinsu daban-daban ce, shi ya sa haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai. Ana iya ba da su tare, ana iya raba musu lokaci.

Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, duk bayan sa'a shida, kada ya wuce sau huɗu a cikin sa'a 24. Ga ɗanki mai kilo 12, miligiram 180 ke nan. Idan a jikin kwalbar an rubuta miligiram 120 a cikin mililita 5, za ki ja mililita 7.5. Ki duba wannan rubutun da idonki kowace sabuwar kwalba, domin akwai mai 160, akwai mai 250, akwai kuma na ɗigawa na jarirai mai miligiram 100 a cikin mililita ɗaya tak. Wanda ya ja mililita 7.5 daga wannan na ƙarshen ya ba yaro fiye da ninki huɗu, kuma hanta ce ke biyan kuɗin kuskuren, shiru, sai bayan kwana ɗaya ko biyu alamun su fito. Ki kuma lura da magungunan mura da tari, da yawansu akwai farasitamol a ciki.

Ibufurofen miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, duk bayan sa'a takwas. A kwalba mai miligiram 100 cikin mililita 5, na ɗanki zai kama tsakanin mililita 3 zuwa 6. Likitanku zai tsayar miki da adadi ɗaya. Shi ibufurofen yana da sharuɗɗa. Ba a ba yaron da ke amai ko gudawa har ruwan jikinsa ya ragu, ko wanda ba ya sha sosai, domin a irin wannan hali yana wahalar da ƙoda. Ba a ba mai ciwon ƙoda, ko mai matsalar zubar jini, ko mai ƙarambau, ko mai asmar da aka san irin wannan magani yana tayar masa da ita, haka nan jaririn da bai kai wata uku ba. Ya fi kyau a ba shi bayan yaro ya sa wani abu a ciki.

Waɗannan lissafin na kawo su ne don ki iya duba abin da aka rubuta muku. Idan kin ga bambanci, ki tambaya tun kuna asibiti. Wanda ya ga yaron da idonsa ya fi ni sanin dalili. Kuma da sirinjin magani za ki auna, ba da cokali ba. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ki sa bakin sirinjin ta gefen kunci, ki tura kaɗan-kaɗan yana zaune, kada ki toshe masa hanci. Idan ya amayar bayan ya sha, kada ki sake ba shi nan take, tunda ba ki san nawa ya shiga jiki ba. Idan aman ya ƙi tsayawa ki kira asibiti, akwai farasitamol da ake sakawa ta dubura.

Akwai tambaya ɗaya da iyaye kan manta, alhali ita ce mabuɗin duk jadawalin: wane magani aka ba shi a ɗakin tiyata, kuma da ƙarfe nawa? Sau da yawa mun riga mun ba yaro farasitamol ta jijiya, ko wani ɗan'uwan ibufurofen ta dubura, yana cikin barci. Daga wannan lokacin za ki fara ƙirga, in ba haka ba ki ninka masa ba ki sani ba.

Daren farko, ki daidaita lokaci yadda zai sha dab da kwanciya. Idan ya yi barcinsa sumul, ba na ganin sai an tashe shi. Da ya farka sai ki ba shi. Daga kwana na uku ki fara ragewa, ki riƙa bayarwa idan kin ga buƙata.

Sai waɗanda ba za su kusanci yaron ba. Kodin da tiramadol su ne kan gaba. Hanta ce ke juya kodin ya koma mofin, wato wani maganin kashe zafi mai ƙarfi sosai, kuma mutane sun bambanta a saurin wannan juyawa. Wasu ba sa juya shi sam, sai ya zama bai yi musu komai ba. Wasu kuma suna juya shi da sauri fiye da ƙima, mofin ya taru a jini, numfashin yaro ya riƙa raguwa yana cikin barci. An yi asarar yara ta haka, da adadin da a takarda daidai yake. Ba ki da hanyar sanin ɓangaren da ɗanki yake. Hukumar magunguna ta Turai ta hana ba yaran da ba su kai shekara 12 ba kodin a 2013, ta Amurka kuma ta hana kodin da tiramadol duka a 2017. Asfirin ma ba na yara ba ne, saboda wata cuta da ba a cika gani ba amma mai tsanani da ke kama hanta da ƙwaƙwalwa. Kada kuma a ɓantari ƙwayar babba a ba yaro da kintace. Ba wai mofin haramun ne ga yara ba. Bayan babban aiki, kamar afendis da ta fashe, muna ba su shi. Amma a asibiti, da awo, nas tana ƙirga numfashi.

Yanzu batun gane ciwo a yaron da bai iya cewa "nan ke min ciwo" ba. A asibiti muna da wani ma'auni da ake kira FLACC, wanda aka fitar a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1997. Abu biyar yake dubawa: fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yaro yana rarrasuwa. Kowanne ana ba shi maki daga sifiri zuwa biyu, jimilla goma. Ke ba sai kin yi lissafi ba, amma waɗannan biyar ɗin su ne wuraren da za ki kai ido. Fuska a yamutse, haƙora a cije, ƙafafu a naɗe zuwa ciki ko ana ta shure-shure, jiki a sandare. Na biyar ɗin, wato ko yaro yana rarrasuwa, ya fi kowanne faɗa mini gaskiya: yaron da yunwa ko tsoro ke sa shi kuka, da kin ɗauke shi kin ba shi abin sha zai lafa. Mai ciwo ba ya lafawa, wani lokaci ma ɗaukar ce ke ƙara masa.

Amma ki fi kula da yaron da ya yi shiru. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro ɗan shekara uku washegarin aikinsa. Mahaifiyarsa ta ce mini, "Likita, ai jarumi ne, ko ƙwalla bai yi ba." Yana kwance a gefe, gwiwa a naɗe, idonsa a kan bango. Na lura numfashinsa gajere ne, sama-sama, kamar mai tsoron cikinsa ya motsa. Na ajiye masa wata 'yar motar wasa nesa kaɗan da hannunsa. Ya bi ta da ido, yatsunsa suka motsa, amma bai miƙa hannu ba. Muka ba shi magani. Da na sake zagayowa bayan kamar minti arba'in, na tarar da shi zaune yana tura motar a kan ƙafar uwarsa, yana yi mata faɗa don ta motsa. Tun daga nan, idan aka ce mini yaro bai yi kuka ba, sai in tambaya: yana wasa? Yaron da ya ƙi wasa, ya rage ci, ya manne miki, yake tafiya a duƙe ko ya ƙi takawa, yake farkawa cikin dare da nishi, a ɗauka yana jin ciwo har sai an ga akasin haka.

Akwai kuma kukan da ba na ciwo ba, kada ya firgita ki. Wasu yaran masu irin shekarun ɗanki sukan farka daga maganin barci a ruɗe: ihu, birgima, ba sa kallon idon kowa, har uwa ba sa ganewa. Yawanci cikin kwata ko rabin sa'a yake wucewa da kansa. Wani kuma nauyin ƙafafun ne ke ba shi tsoro, wani robar ƙarin ruwa da ke hannunsa, wani mafitsara ce ta cika, wani kuwa yunwar azumin da aka sa shi kafin aiki ce kawai.

Jikinki ma magani ne, kuma ba don in faranta miki nake faɗa ba. Ki rungume shi yadda ya fi so, gwiwa a ɗan lanƙwashe don fatar mara ta saki. Idan har yanzu yana shan nono, ki ba shi da zarar an ce ya sha. Hoton wasan yara a waya, waƙa, labari, duk suna rage yadda yake jin zafin. Yaro fuskar uwarsa yake karantawa. Idan ke kin rikice, shi ma ya rikice. Ki naɗe bakin kunzugunsa kada ya goga wurin ɗinki, ki yawaita ba shi ruwa don kada bayan gida ya yi tauri ya sa shi yunƙuri. Sai dai duk waɗannan ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba.

Ciwon aikin ƙaba kullum raguwa yake yi. Ɗan kumburi ko canjin launi a mara ko a maraina ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko magungunan nan biyu sun kasa kwantar da shi, kada ki ƙara adadi, ki koma asibiti. Haka nan idan zazzaɓi ya kai digiri 38 ko fiye, ko ciki ya kumbura, ko amai ya ƙi tsayawa, musamman idan kore ne, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da mugunya ko jini, ko maraina sun kumbura sosai suna zafi, ko ya kai sa'a goma sha biyu bai yi fitsari ba. Idan kuwa kika ga barcinsa ya yi nauyi har yana wuyar tashi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, wannan ba a jira gari ya waye.

Ga masu karatu da aikin ɗansu na saukar da ƙwan maraina ne, ku sa ran ciwon zai fi na ƙaba ƙarfi da daɗewa, kuma amai ya fi yawa, domin jijiyoyin ƙwan daga can sama suke, wajen daidai cibiya. A nan bin agogo yakan kai kwana uku ko fiye. Idan kuma aikin na kyamara ne ta ƙananan huji, yaro zai iya kukan kafaɗa. Iskar da aka hura a cikin ce, takan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, Malama. Kafin ranar aikin ki tanadi kwalaben nan biyu da sirinjin awo, ki tafi da su asibiti tare da takarda da biro. A sake auna nauyinsa a ranar. Kafin ku fito, ki roƙi nas ta rubuta miki lokacin da aka yi allurar baya, da abin da aka ba shi a tiyata, da ƙarfe nawa zai sha na gaba, da lambar da za ki kira idan dare ya yi.